Ranar da Muka Zuba wa Mota Zamzam

Ni dai ba a gaya mini inji. Shekara ashirin ina gyaran mota a unguwar Mansur, nan cikin Makka, don haka ranar da na jawo wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda Larabawa ke ce wa karafan, na ajiye a ƙofar gida, dariyar maƙwabta ko a jikina. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, wannan akurkin kuma na wane ne?" Na ce na Inna ne.

Inna mahaifiyata ce. Ciwon baya ya kwantar da ita, ba ta iya zaman minti goma a kujera, shi ya sa ta shekara tara ba ta je ziyara Madina ba. Bas zama ne, jirgin ƙasa ma zama ne. Ba ta taɓa roƙona ba, amma duk wanda ya dawo daga can ya kawo mata dabino, sai ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Abin yana ci mini rai. Motar nan kuwa da gado a bayanta, ga murhu, ga bayan gida, ga tankin ruwa. Wata biyu na yi a ƙarƙashinta kafin na yarda da ita.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, mu uku. Inna ta ce ba ta zuwa garin Manzo hannu rabbana, sai da aka loda mata jarka huɗu ta Zamzam, tsarabar ƙawayenta da ke can.

Kai, tafiya a motar nan da daɗi take! Ana gudu matata tana soya ƙwai, shayi yana iske ni har kan sitiyari. Inna na kwance, labule a ɗage, tana yi wa raƙuman bakin hanya tsiya, wai duk ba su kai na Azbin ƙiba ba. Rabon da in ji dariyarta haka har na manta. Sai dai fa tsohuwar mota sai haƙuri. Duk kwanar da na sha sai ƙofar kabad ta buɗe, tukwane su zubo. Mai kuwa sha take kamar an aiko ta.

Rana ta take, mun wuce rabin hanya muna hawan wani tudu, sai na ga allurar zafi ta miƙe, tururi ya turnuƙe gaban motar. Na gangara gefe na kashe. Tiyon lagireto ne ya tsage. Wannan ai wasa ne a wurina: na yanke inda ya tsage, na mayar, na ɗaure tamau. Saura ruwa. Na murɗa famfon cikin mota, ko ɗigo. Ashe girgizar hanya ta kwance bakin tankin, ruwan duk ya tsiyaye a kwalta. Ba ni da wanda zan ɗora wa, ni na ɗaura shi da hannuna.

Ruwan sha kwalba biyu ya rage, ba mai taɓa shi sai Inna. Tunda inji ya mutu, na'urar sanyi ma ta mutu, cikin motar ya koma tanda. Na tsaya bakin titi ina ɗaga hannu, motoci suna wucewa fuu. Na leƙa na ga numfashin Inna ya fara sama-sama.

Matata ta matso ta rage murya. "Malam, jarkokin nan fa?"

Na galla mata harara. Mu da aka koya wa shan Zamzam muna fuskantar alƙibla, ba a bari ya zuba ƙasa a taka, shi zan ɗura wa inji mai tsatsa?

Ashe Inna ta ji. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, zo nan. Ruwan nan a ina ya fara ɓullowa?"

"A jeji, Inna."

"Don wa?"

"Don uwa da ɗanta da ƙishi ya kama."

"To ga uwa, ga ɗa, ga jeji. Yi bisimilla ka zuba."

Na jira injin ya huce, na sa mazurari, na zuba a hankali yadda ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Jarka uku ta sha. Ina murza makulli ta tashi bugu ɗaya, allura ta koma mazauninta, sanyi ya dawo.

La'asar sakaliya muka hango hasumiyoyin masallacin Madina. Sai Inna ta bubbuga jikin motar ta ce in tsaya. Na zaci ciwon ne ya motsa.

"Ba zan shiga garin Manzo a kwance kamar kaya ba. Ku zaunar da ni a gaba."

"Inna, bayanki fa."

"Bayan nawa ne ko naka?"

Muka ɗauko ta ni da matata, muka jera mata matasai a kujerar gaba. Gumi yana keto mata, ta damƙe bakin mayafinta saboda azaba, amma bakinta bai bar salati ba. Na riƙa tafiya a hankali ina kauce wa kowane gargada, na bayana suna ta danna mini hon, ban kula su ba. Hawaye ya hana ni ganin titi sosai. Ita ce ta riƙa nuna mini hanya tana cewa, "Miƙe, kai wannan, miƙe. Ga shi can."