Gajeriyar Rashin Lafiyar Anti Ƙamus

"Ki rubuta ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya," in ji yayanki, yana tsaye a kaina a ɗakin labarai, yana murza hularsa. "Ai haka kuke cewa, ko?"

Na ce haka muke cewa. Na rubuta, aka karanta a labaran yamma: shugabar sashen fassara ta gidan rediyonmu, wadda kowa ke kira Anti Ƙamus, ta rasu ranar Talata, tara ga wata, da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara biyu kina fama da sankarar mama, Anti. Da takardar ta biyo ta teburinki, da jan bironki ya soke kalmar "gajeriya" tun kafin ta isa bakin mai karantawa.

A makona na farko a wurin aiki, digirina bai gama hucewa ba, kika miƙo mini labarin wani kamfanin waje da ya ɓoye cewa maganinsa na cutar da yara. Turawan sun kira abin cover-up. Na rubuta "rufin asiri", na miƙa miki ina jiran yabo. Kika sauke tabarau zuwa kan hanci.

"'Yar boko, in kakarki ta yi miki addu'a, me take cewa?"

Na ce, "Allah ya rufa asiri."

"To kamfanin nan addu'a ya yi wa yaran?"

Kika soke, kika rubuta "rufa-rufa". Kika ce shi Bature, da murfin tukunya da bangon littafi da ɓoye laifi duk daga kalma ɗaya yake ɗiba, amma mu dole mu zaɓa. Rufin asiri zane ne da ake yafa wa wanda tsiraicinsa ya bayyana. Rufa-rufa kuwa tabarma ce da aka shimfiɗa a bakin rijiya. Kika ce duk lokacin da na rikice in tambayi kaina abu ɗaya: akwai wanda zai taka ya faɗa?

Ke kam gwanar yafa zane ce. Lokacin da aurena ya mutu, na riƙa zuwa aiki idanu a kumbure, sai kika saya mini baƙin gilashi, kika shelanta wa ofis cewa apolo nake yi. Har 'yan gulmar sashen wasanni suka riƙa zagaye teburina kamar an zuba garwashi. Na gama kukana a natse, ba wanda ya ce mini ci kanki.

Saboda haka ranar da kika ja ni ɗakin ɗaukar murya, inda bango ba ya fitar da magana, kika gaya mini abin da likita ya gani, ban yi musu ba. Kika ce, "Kada 'yata Auta ta ji. Cikin fari ne da ita." Na ɗauki alkawari. Mayafinki ya ƙara faɗi, ɗaurin kallabinki ya sauko har gira bayan gashi ya zube. Ranakun asibiti kuwa nakan ce kin tafi bita. Ban san ma'aikaciyar da ta halarci bita kamarki ba, kuma kullum kina dawowa a rame.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar likita, wadda ya yi a gabana. Mahaifiyarki da ƙanwarki su ma "gajeriyar rashin lafiya" ce ta ɗauke su. Ya ce irin wannan ciwon yana bin jini, a kawo 'yarki a duba ta da wuri. Kika ce bari ta haihu. Ta haihu, kika ce bari ta yaye. Yaron bai kai yaye ba kika tafi.

Jiya na je gaisuwa. Na sami Auta zaune a gefen gadonki, yaron a cinya, mata sun cika ɗakin. Ta matso ta rage murya.

"Yaya, wai me ya kashe Mama? Kawu ya ce ulsa ce."

Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, yaron ya fara fitina. Ta juya shi, ta ce, "Shi kuma wannan sarkin iyayi ya ƙi na hagun kwana biyu." Ta sa yatsu tana danna gefen hammatarta. Wata gwaggonta ta ce nono ne ya taru, a gasa da ruwan zafi. Mai yiwuwa gwaggon ce da gaskiya, yawanci ma hakan ne. Amma ni sai na ajiye shayin da aka ba ni, na zuba wa yatsun Auta ido.

Anti, amanarki nauyi gare ta, kuma ban taɓa saɓa miki ba. Sai dai na yi wa kaina tambayar da kika koya mini, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Abin da muka fara a matsayin zane ya koma tabarma, kuma 'yarki ce ke tafiya a kai da goyo. Kafin wannan rubutu ya fita, za ta ji daga bakina. In fushi za ki yi, na san yadda fushinki yake: ba ya wuce sauke tabarau.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka makwancinki, ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa wa bayinsa a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayanki, da Auta da mijinta, da dangi, da abokan aikinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa gwaggo ce ta canka.

Na kira Auta ɗazu na ce ta ɗauko mayafi, ta bar yaron wurin gwaggo, zan zo mu je wani wuri. Ta ce, "Bita za ki kai ni?" tana 'yar dariyar da ban gane kanta ba. Na ɗauki jan bironki na jefa a jaka, na kashe fanka, na ja ƙofar ofishinki har ta kama, na sauka.