Guga Biyu a Rijiyar Makaranta

Jiya a kasuwar Illela, Bello, abokin karatuna, ya gaya mini cewa shi ne wanda malaminmu na kimiyya ya aika a kira ranar da zai rasu, bara. Na yi wa Malam addu'a.

Malam ba ya koyar da darasin aiki da ƙarfi a aji, bakin rijiyar makaranta yake kai mu. Wata rana ya ba ni guga, ya ba Bello irinsa. Igiya tana cin tafin hannuna, ruwan sanyi yana zuba a ƙafafuna, ga warin jiƙaƙƙiyar roba. Bello ya riga ni fitarwa.

"Nauyi guda, zurhi guda, aiki guda kunka yi," in ji Malam. "Amma Bello ya hi ka ƙarhi, tunda shi ya riga ka gamawa. Hannunka ya yi zahi? Can sauran kuzarinka ya tahi." Sai ya dafa kan Bello.

Ni na bi fannin Malam har jami'a, Bello ya kama fatauci zuwa Konni. Har yanzu ina tambayar kaina ko fannin nake so, ko yabon da ban samu ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya yaye mini jin zafin Bello, wanda bai yi mini laifin komai ba.