Motar Kawu Kambai Mai Tafiya a Karkace

Duk wanda ya zauna a Kafanchan wajen 1976 ya san a-kori-kurar Kawu Kambai, yayan mahaifiyata. Tun daga nesa ake gane ta, don a karkace take tafiya, gefen fasinja ya yi ƙasa. Da ya bar aikin reluwe ya saye ta, ya shekara bakwai yana jigilar citta daga Kwoi, shi da matarsa Mama Paulina. Mace ce mai jiki, ga rigima. Buhunanta kuwa dole a gefenta za a jera su, wai don ta riƙa waiwayensu. A haka sifirin ɗin baya na wannan gefen ya kwanta.

Bayan ta rasu motar ba ta miƙe ba, shi ma bai so ta miƙe ba. Ya taɓa ce mini, "Beatrice, in ina tuƙi sai in ji kamar tana nan zaune." Allah ya sani, ranar na tausaya masa, don ni ma ina kewarta.

Ran nan ƙafar baya ta fara ƙara, ya kai wa Ɗan'auta bakanike. Ƙarar kawai fa aka ce ya duba. Shi kuwa uban iyawa, da ya ga karkatar sai ya kwance sifirin ɗin ya ɗaura na wata tsohuwar babbar mota. Gefen Mama ya ɗage sama, motar ta koma tsalle kamar akuya.

"Baba, na gyara maka har da abin da ba ka ce ba," in ji Ɗan'auta, yana washe baki.

"Ɗana, wa ya aike ka? Maido mini da tsohon."

Ina! Ai tsohon sifirin ba ya kwana a gareji, maƙera ke kwashewa su ƙera fartanya da shi. Na raka Kawu maƙera a ƙafa, don ya ƙi shiga motar. Maƙerin ya ce fartanya shida ya fitar daga sifirin ɗin, biyar sun tafi kasuwar Zonkwa, saura ɗaya, ko ƙota ba a sa mata ba.

Kawu ya karɓa yana jujjuya ta. Mutumin da rabonsa da gona tun yana saurayi!

"A sa mata ƙota, Baba?" in ji maƙerin.

"A'a, bar ta haka."

Ya rungume ta a ƙirji muka kamo hanyar gida. Sai da muka zo tsallaka layin dogo ya tsaya ya dube ni.

"Beatrice," ya ce, "ashe ba ta da nauyi."