Kifin da Ya Riƙe Maman Femi

Ni 'yar masunta ce. A Argungu aka haife ni, bakin kogin Matan Fada, kuma tun da aure ya kawo ni Gwadangaji sana'ata bandar kifi. Saboda haka ku yi mini uzuri in na ce ranar da na fara shiga gidan maƙwabciyata Risikat na tarar da kifi a tsakar gida ana watsa masa abinci ana yi masa magana, dariya na yi har da riƙe ciki. Kifi ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a ɗauko kujera a zuba masa ido. Na koma gida na ba mijina labari, shi ma ya ce bai taɓa jin irinta ba.

Risikat, wadda duk unguwa ke kira Maman Femi, Bayarabiya ce, amma a Birnin Kebbi aka yanke mata cibiya. Iyayenta sun zo daga Ogbomosho da fataucin atamfa, suka zauna, suka mutu a nan. Ita ta tashi ta kama sayar da kwanuka da robobi a babbar kasuwa. In tana ciniki ba ka ganin fuskarta, sai ka rantse 'yar Kabawa ce gaba da baya. Ga faɗa, ga kyauta. Za ta wanke ki tas a kan kin taya mata tukunya da wulaƙanci, kina juyawa ta kira ki ta ɗora miki ludayi kyauta. Rabin amaren Ambursa da kwanukanta suka tare, shi ya sa matan can ke ji da ita.

Mijinta, Alhaji Kayode, kayan gyaran injin ban ruwa yake sayarwa. Shi ya gano kifin a Legas, wani kifin ado mai fari da ja da ake ce wa koi, ya dawo ya gina ɗan tafki na siminti a gindin mangwaro, ya sa ƙaramin inji mai juya ruwa, ya kawo su a cikin leda. Bayan rasuwarsa kifayen suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya, har saura guda, babba, tsawonsa ya kai kamu, da jan tambari a ka. Maman Femi ta sa masa suna Ɗan Gayu. In ta sa hannu a ruwa yakan zo ya tsotsi yatsanta.

To ga inda gizo ke saƙar. 'Ya'yanta duk sun watse Kudu. Babban, Femi, yana Ibadan da iyalinsa, kuma tun da hawan jini ya taɓa kayar da ita a banɗaki ta yini a ƙasa ba wanda ya sani, ya tasa ta gaba sai ta sayar da gidan ta koma wurinsa. Ba mugunta ba ce, yaron tsoro yake ji. Ita kuwa ba ta iya cewa ɗanta na fari a'a kai tsaye, sai ta fake da kifi. Kullum amsarta guda, wa zai kula da kifin ubanku, tsoho ne, ba zai jure hanya ba. Da ta ishe shi, a gabana ya ce ya ji, amma ranar da kifin ya ƙare ba sauran magana. Ta ce to. Tun daga ranar nake duban Ɗan Gayu da wani ido, don na san shi kaɗai ke tsakanin matar nan da motar Ibadan.

Bazarar bana aka yi addu'ar shekara ta Alhaji. Femi ya zo shi kaɗai. Zafin ranar ba a magana, iska ko ganye ba ta motsawa, kuma tun safe aka ɗauke wuta. Femi ya ja janaretan gidan zuwa ƙofar gida don fankokin malamai da lasifika, injin tafki ya tsaya cik, ba wanda ya lura. Matan Ambursa kuma suka zo da gudummawar shinkafa, wata dattijuwa Umma ke jagorantarsu, suka kafa tukwane a tsakar gida.

Wanda bai zauna da manoman fadama ba, ba zai gane abin da ya faru ba. Su ba sa zubar da ruwan da ke da ƙwayar hatsi a ƙasa inda ƙafa za ta taka, sun ɗauke shi wulaƙanta abinci. A gida kaji ko awaki ake ba, in a gona ne a juye a ruwa ƙananan kifi su tsince. Gidan Maman Femi ba kaza ba akuya. Da suka duba suka ga mai rai guda yana yawo a ruwa, sai suka ce Alhamdu lillahi. Ruwan wankin shinkafa, baho bayan baho, cikin tafki. Da aka sauke abinci, ɗaurayar tukwane da manja da barkono da ƙanzo ita ma ta bi. A wajensu lada suke nema.

Bayan azahar na shiga tsakar gidan neman faranti, sai wari ya tare ni, irin na tabkin da ya fara ruɓa. Ruwan ya koma fari kamar kunu, jan mai ya rufe samansa. Ɗan Gayu na gefe a kwance a kan haƙarƙarinsa, bakinsa a saman ruwa yana buɗewa yana rufewa a hankali. Na sha ganin kifi a wannan hali, kuma a sana'ata ba abin da ke biyo baya sai wuƙa.

Ban ma san na ƙwala wa Maman Femi kira ba. Ta fito da gudu ba ɗankwali, ta tsaya a bakin tafkin, ta dubi kifin, ta dubi ƙofar da Femi yake bayanta.

Na cire mayafina na jiƙa shi, na shiga ruwan da zanena har gwiwa, na tallabo shi kamar jinjiri. Ko motsin kirki bai yi ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Muka sa shi a babban baho a inuwa. Ruwan randa ya yi sanyi da yawa, na ji tsoron kada ya buge shi, sai muka gauraya da na durom da ya sha rana har ya yi daidai da jiki. Muna sakinsa ya sake kifewa.

Na kira yayana Riskuwa a Argungu, wanda ya tsufa yana kamun kifi da gora da homa. Da ya ji kifi nake so in raya, sai da ya tambaya ko lafiyata ƙalau. Ya ce shi kamawa ya iya, bai taɓa jinya ba. Amma ya ce in ruwan fadama ya mutu, kifi bakin mashigi yake gudu inda ruwa ke zuba, don haka mu riƙa kwararo ruwa daga sama kada mu tsaya, mu riƙe shi a miƙe da kansa wajen zubar, mu ɗan barbaɗa gishiri. Na aika aka ɗebo mini gishirin da nake banda da shi. Maman Femi ta durƙusa ta zura hannu biyu ta riƙe shi a tsaye, ni ina ɗiba da ƙwarya ina kwararawa.

Umma ta zo ta tsaya a kanmu tana tafa hannu tana salati, wai wallahi alheri suka nufa. Na buɗe baki zan sauke mata kwandon masifa, Maman Femi ta girgiza mini kai. Sai matan suka kama jawo ruwa a rijiya suna cika durom ba wanda ya sa su.

Ana cikin haka Femi ya shigo, cikin farar shaddarsa. Ya dubi tafkin, ya dubi igiyar injin da ke yashe a ƙasa, na ga ya gane. Uwar ta ɗago ta kafe shi da ido.

"Kai ka ɗauke janaretan?"

"Mama, na manta da shi ne."

"Ka manta."

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ni kaina a lokacin zuciyata ta raya mini abubuwa a kansa. Yaron ya naɗe hannun riga, ya je ya kashe wa malamai fanka, ya jawo janareta da kansa, ya ciro ɗan injin daga ƙazamin ruwan ya wanke, ya sa a bahon. Injin ya yi tari ya tsaya, shinkafa ta toshe shi. Ya kwance, ya busa, ya mayar, ya ƙi. Sai ya jefar da shi ya karɓi ƙwaryar daga hannuna.

Haka ya tsaya yana kwarara ruwa, zufa na keto masa, shaddar ta jiƙe sharkaf. In ruwan bahon ya yi yauƙi mu rage mu ƙara sabo. Baƙi na aikowa a yi sallama, ba wanda ya fita. Na dubi yaron nan da mutuwar kifin za ta ba shi abin da ya daɗe yana nema, ga shi yana aiki kamar ransa ne a bahon, sai kunya ta kama ni.

Can sai Ɗan Gayu ya kaɗa wutsiya. Maman Femi ta sassauta hannu, ya tsaya da kansa, ya ɗan matsa gaba har ya taɓa gefen baho. Matan Ambursa suka fara hamdala. Ni kuwa na ga jan kumatunsa ya koma fari-fari, kuma na san abin da hakan ke nufi. Da aka kira la'asar uwar ta ce wa Femi ya je ya yi salla ya sallami mutanen ubansa, abin ya yi sauƙi. Ya miƙa mini ƙwaryar.

Bai kai ga sallamewa ba kifin ya sake kwantawa. Ta tallabe shi, ina zuba ruwa, tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa. Bakin ya buɗe, ya daɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa, daga nan bai rufe ba. Na ci gaba da kwararawa duk da na sani, har sai da ta ce in bari.

Matan sun koma wajen tukwanensu, mu biyu ne kawai. Na sunkuya na raɗa mata cewa mu rufe bahon da zane, mu ce yana son duhu da hutu. Da asuba Femi zai kama hanya, in ya isa Ibadan sai a san abin yi, ko wata shida ne a ja. Har ga Allah da gaske nake, don ban ga yadda zan yi da katangar da ke tsakaninmu in babu muryarta a bayanta ba.

Ta dubi kifin. Sannan ta ce ta gaji da ɓuya bayan dabba.

Da Femi ya dawo ya ga ta cire hannu daga ruwan, ya ga bahon shiru, sai ya durƙusa a gabanta kansa a ƙasa yana ba ta haƙuri. Ta bar shi ya gama. Da Hausa ta yi masa magana, ba da Yarbanci ba, ina jin don in zama shaida.

"Kihi ya mutu, Femi, kuma na yahe maka, na ga abin da ka yi. Amma ba ni zuwa. Ƙarya ni kai maka, ba don kihi ni ka zaune ba. Nan anka haihe ni, nan uwata take kwance, nan ubanka. Can mi zan zama? Baƙuwa a ɗakin baya, ina jiran a taso aiki a gaishe ni."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce ta yi masa alkawari. Ta ce ta yi, kuma ta karya, ya ɗora mata laifin. Sai ya tambaye ta, da murya irin ta ƙaramin yaro, in ta sake faɗuwa wa zai ɗaga ta.

Na ga ta buɗe baki ta rufe. Ni kuwa bakina da bai iya zama wuri guda ba, sai ji na yi ya ce, "Ni."

Femi ya juyo ya dube ni, duban da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun yana yawo da gajeren wando. Ya ce, "Inna Baiwa, uwata ce fa." Na ce na sani. Ya ce to ya ba ni amana, ya tashi ya shiga ɗaki. Da asuba ya tafi, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba, amma bai ci abin da ta dafa masa ba.

Tana nan. Tana fita kasuwa, tana faɗa da masu taya tukunya, an kwashe ruwan tafkin ta zuba ƙasa ta shuka alayyafo. Femi na kira ranar Juma'a, gaisuwa ce gajera, kuma takan daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Ni kuma na ɗauko wa kaina abin da ban san nauyinsa ba. Kowace safiya kafin in hura wutar banda sai na je jikin katanga na ɗaga murya na ce Maman Femi, an kwana lahiya? Wani lokaci tana amsawa nan take. Wani lokaci tana banɗaki, ko barci ya ɗauke ta bayan salla, sai in tsaya da hannuna a kan bulo, ba na ko numfashin kirki, ina jira.