Saniyar da Ba Ta Yi Ƙiba Ba

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a Ƙofar Marke ta Sakkwato aka haife ni, kuma tun ina saurayi ba na shiri da mutumin da ba ya cin nama. Shi ya sa na tsani Ba'indiyen nan da Turawa suka zo da shi yana haɗa wa likitansu magani, shekaru kaɗan bayan sun ci Sakkwato. Kullum sai ya wuce ta gaban rumfata yana toshe hanci, kamar mushe nake sayarwa.

Wata safiya bayan kaka sai ga shi a ƙofar gidana, yana ta rusunawa. Ba ni yake yi wa ba, farar saniyar da na ɗaure zan yanka washegari yake gaisarwa. Da gurguwar Hausarsa ya roƙi in ara masa ita yini ɗaya.

Na ce, "Aron saniya? Mi za ka yi da ita? Ba ta da nono hwa."

Ya ce ranar sallarsu ce. A garinsu, in ji shi, yau ake wanke shanu a kai su ɗakin bauta, a shafa wa ƙahoninsu launi, a rataya musu furanni, ana kaɗa ƙararrawa, mata suna zagaya su da fitila a faranti. Ba mai sa komai a baki sai saniya ta ci. Nan ba shi da ɗakin bauta, ba shi da kowa, sai zaurensa.

Son ganin ƙwal ya sa na ja ta muka tafi. Ya wanke ta da sabulun da ni ban taɓa wanka da irinsa ba. Ya shafa wa ƙahonin shuni, ya ɗiga mata ja a goshi. Da bai sami furen garinsu ba, sai ya tsinko na kabewa ya zura a zare. Yana rataya mata, ta sunkuya ta cinye abinta har da zaren. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na ɗago, sai na ga yana ba ta shinkafa da zuma a tafin hannunsa, hawaye na zuba. Ya ce uwarsa ce take yin wannan aikin kowace shekara. Dariyar ta maƙale mini.

Washegari na kai ta mahauta da shuɗin ƙaho. Mahauta suka yi caa, wani na cewa amarya na kawo. Sarkin fawa ya ce, "Wagga an yi mata tsahi, tahi ka tambayi malam tukun."

Wallahi da murna na tafi, ina fatan malam ya haramta ta in huta. Ya saurare ni tsaf ya ce, "Saniya mi ta sani? Ka ambaci sunan Allah ka yanka, halas ta." Ban taɓa jin haushin fatawa irin na ranar ba.

Na dawo, aka kayar da ita, na wasa wuƙa. Sai na ga ƙwayar shinkafa ɗaya manne a jan goshinta. Na miƙe na ce a kwance ta, ba ta yi ƙiba ba tukuna. Saniyar da da ƙyar mutum huɗu suka kayar!

Haka ta zauna a gidana tana cin dusa, duk wanda ya tambaya in ce ba ta yi ƙiba ba. Ba'indiyen ya sake aronta sau biyu kafin a mayar da shi ƙasarsu. Ranar tafiyarsa ita ya fara yi wa ban kwana, sannan ni.

Tsufa ne ya kashe ta, a gidan mahauci, wuƙa na rataye a bango. Har yau ana yi mini gori. Ni na haƙa ramin da hannuna, kuma na yi kuka.