Hannun Daman Ozias

Ozias Feitosa mai tatsar roba ne a gandun dajin da gwamnati ta keɓe a jiharmu ta Acre, kuma maƙwabcina ne tun ina koyarwa a makarantar bakin kogi. Itatuwan da yake ci da iyalinsa daga gare su, kakansa ne ya fara tsaga su. Bai taɓa harbin biri ba, domin a cewarsa birai ne ke sanar da shi inda damisa take.

Wata shekara da rani ɓarayin katako suka shigo da injunan yanka. Kafin labari ya iso mana sun kayar da itatuwan da ke iyaka da nasa. Ozias ya tsinci uwar biri a murƙushe ƙarƙashin reshe, ɗanta na maƙale da gawarta.

Al'adarmu a irin wannan hali ita ce mu je mu tsaya a gaban itatuwa, maza da mata, hannu wofi, saboda duk wanda aka gani da makami ya ba su hujjar harbi. Matarsa, Dona Irani, ita ta tattara adduna da bindigogi a makaranta.

"Kai tsohon jemage, ka ajiye komai?" ta tambaye shi.

"Laluba mana, Irani. Haƙora kaɗai suka rage, su ma ba su cika ba."

Babu wanda ya lura da 'yar wuƙar tsaga da ke ƙugunsa. Mai tatsa ba ya lissafa ta cikin makamai. Da ita yake tashi, da ita yake zama cin abinci.

Muka iske ɓarayin da hantsi. Ozias ya jingina bayansa da itacen da za su sara.

"Matsa, kaka, kada in yi benci da kai," in ji shugabansu, wani gajere mai malafa.

"Ko ka yi bencin, sai an ɗaga ka za ka hau," in ji Ozias.

Mata suka tuntsire da dariya. Ozias kuwa ya kai hannu ƙugu zai gyara wando.

"Wuƙa!" wani daga cikin ɓarayin ya yi ihu.

Harsashi ya ragargaza wa Ozias gwiwar hannun dama. Irani ta faɗa kansa, suka fasa mata baki da gindin bindiga. Jini ya gangara cikin kwanon da ke tarar farin ruwan roba. Ba mu rama ba, ba mu kuma matsa ba, har suka kwashi injunansu suka fice.

A asibitin gari aka yanke hannun. A kotu aka ɗora wuƙar a kan tebur, ita ce kuma ta wanke maharbin.

Itatuwan dai suna tsaye. Da damina ta wuce Ozias ya koma aiki da hagu. Duk wanda ya bi hanyarsa yau zai ga tsagar jikin itatuwan ta juya: tsofaffin layuka sun karkata gefe guda, sababbin, masu ɗan rawa, sun karkata ɗaya gefen.