Sojojin Jafaru Mai Layi

Yayana Jafaru shekararsa ashirin da shida yana tsaron layi a wata tasha da ke bakin kasuwar Samaru. Tun ana yayin acaɓa yake wurin, har Keke Napep ta zo ta same shi. Aikinsa ɗaya ne: wanda ya fara isowa shi zai fara lodin Sabon Gari. Yana da ɗan allo da alli, kana isowa zai rubuta lambarka a ƙasan ta wanda ya riga ka. Na taɓa gani da idona ya mayar da surukinsa can ƙarshe, mutumin yana ta rantsuwa cewa ruwa kawai ya je ya sha. Shi ya sa sunan ya bi shi, Jafaru Mai Layi. Ni ƙanwarsa ce, yaransa Goggo suke ce mini, kuma tun rasuwar uwarsu nake gidan, don haka wannan labari ba ji na yi ba.

Wannan hali nasa ne ya shiga tsakaninsa da babban ɗansa Ridwan. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya zauna shekara uku ba aiki. Sai aka buɗe ɗaukar mutane a wata ma'aikata a Kaduna, kuma shugaban wurin tsohon fasinjan Yaya ne tun yana ɗalibi. Mutumin da kansa ya aiko cewa a kira shi a waya, zai sa sunan Ridwan a sama. Yaya ya ce, "Akwai waɗanda suka riga shi cike takarda." Bai kira ba. Ranar na faɗa masa maganganun da har yanzu ina jin kunyarsu. Ridwan kuwa tashi ya yi. Ya shiga ɗakinsa na zaure ya jawo ƙofa. Wata takwas, ban da "ina kwana" da yake jefowa kansa a sunkuye, uban bai sake jin kalma ɗaya daga bakinsa ba. Abin ya ci Yaya ƙwarai, har wandonsa ya fara yi masa yawa.

Ni ke kai wa Ridwan abinci, kuma kullum abu ɗaya nake tararwa. Yana duƙe gaban tsohuwar kwamfutarsa, wasu 'yan mitsi-mitsin mutane suna guje-guje a cikin ciyawa, ana ta ƙarar ƙarfe. Na tambaye shi fim ne? Ya ce wasan yaƙi ne, shi ne kwamanda. Kwamandan wa? Na ajiye kwano na fito ina salati.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Yaya ya ce in yafa mayafi in raka shi Sabon Gari. Na zaci asibiti za mu. Ashe shagon Amaechi mai gyaran kwamfuta za mu, shi ne ya zuba wa Ridwan wasan. Yaya ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Abin nan da yarona yake yi, shi nake so ka koya mini." Amaechi ya dube shi, ya dube ni. Na ce kada ya dube ni, ni ma yanzu nake ji.

Amaechi a unguwar Muchia aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gidanmu, kuma ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce sojoji iri uku ne. Masu mashi da garkuwa su ake sawa gaba, don su ke iya shan duka. 'Yan baka a bayansu, suna harbi ta saman kawunansu. Mahaya a ajiye su gefe, sai faɗa ya kaure su zagayo ta bayan abokan gaba. In ka samu tudu ka hau, in ka ga siririyar gada kada ka cusa mutanenka a kai. Yaya yana ta gyaɗa kai yana "to, to". Ni tun daga maganar garkuwa kaina ya ɗaure, na koma kallon fanka.

Aka miƙa masa linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. A wasan, sojoji ɗaya-ɗaya suke fitowa daga bariki. Na farko ya fito, ɗan baka ne, Yaya ya tsayar da shi. Na biyu ya fito, ya kai shi bayan na farko. Haka ya bi su har mutum talatin, layi ɗaya miƙaƙƙe kamar masu jiran awo, 'yan baka a gaba, masu garkuwa can baya suna hutawa. Sannan ya tura su gada, wanda ya fara fitowa shi ya fara hawa. Kowa ya taka sai a kwantar da shi, na bayansa ya matso, shi ma a kwantar da shi. Kafin in gyara zama an gama da su kaf.

"Oga Jafaru, me ka yi haka?" in ji Amaechi.

"Me na yi? Su ne ba su da ƙwari."

Amaechi ya nuna masa wani maɓalli da ake dannawa sojoji su jera kansu yadda ya kamata. Ya danna, sai ga masu mashi sun ratso ta tsakiya sun wuce gaba. Yaya ya zabura.

"Kai, kai! Wa ya ba waɗannan izini? Yanzun nan fa suka fito!"

"Oga, ba tasha ba ce. Yaƙi ne."

"To a yaƙin ba a san wanda ya riga wani ba?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da kowa inda yake. Wallahi ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Sati uku muna zuwa bayan la'asar. Mutumin da bai taɓa barin allonsa a hannun wani ba, sai ga shi yana barin tasha tun ba a tashi aiki ba, har 'yan keke suka fara raɗe-raɗin aure zai ƙara. Kuma bai ci wasa ko sau ɗaya ba. Ya gwada layi biyu, aka kashe su. Ya gwada hawa tudu, amma a jere suka hau, aka tsince su a hanya. Wata rana a keke muna dawowa, daidai Hanwa, ya juyo ya ce mini, "Ke, wai me ya sa wanda ya bi doka shi ake fara kashewa?" Na ce ni waina na iya soyawa, kada ya tambaye ni.

Ranar wata Lahadi da hantsi Yaya ya tsaya ƙofar ɗakin Ridwan ya yi sallama. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na taso da farantin a hannu. Ya ce, "Ara mini sojojinka in gwada." Ridwan ya ɗago yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai ya matsa gefe.

Yaya ya zauna a tabarma ya kama aiki. Ya jera su, ya tura su gada, aka kashe su. Ridwan ya ciji leɓe. Yaya ya sake farawa, ya sake jera su, ɗan baka na farko ya nufi gada shi kaɗai.

"Baba, don girman Allah, me kake yi?"

Farantin ya kusa suɓuce mini.

"Shi ya fara fitowa," in ji Yaya.

"To sai me? Ba shi da garkuwa, ba shi da kowa a gabansa! Ka tura mutum inda babu mai kare shi, ka zauna kana kallo, ka ce adalci ka yi?"

Dukkanmu mun san ba maganar ɗan baka ake yi ba. Yaya ya ce a hankali, "Ni bin layi kaɗai na iya, Ridwan. Ban san wani ba."

Tausayin Yaya ya kama ni. Har gobe ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma na daina ƙoƙarin sani.

Ridwan ya share hanci da bayan hannu. Ya matso, ya ɗora hannunsa a kan na uban a bisa linzamin, ya fara ja. "Duba nan. Masu mashi su tsaya bakin gada, kada su hau. 'Yan baka a kan tudun nan, taku huɗu a baya. Mahaya su bi ta cikin bishiyoyi, kada su fito sai an haɗe." Yana magana da sauri, yana haɗawa da Turanci, sojoji suna ta watsuwa ko'ina. Yaya ya ce ya sake faɗa. Ya sake. Ya ce ya ƙara maimaita wajen mahayan. Ya maimaita, har da tsaki.

Da Ridwan ya tashi ɗebo ruwa, na sunkuya na ce, "Yaya, ka kuwa gane?"

"Ko ɗaya," ya ce. "Ke dai yi shiru, bar shi ya yi ta faɗa."